A Kan Masu Kwafar Dek

A bakans ɗin da ya wuce, da na koma gida Matamaye, na tarar ƙanena da babban abokinsa sun yi kwana uku ba sa magana. Na ɗauka rigimar kuɗi ce ko ta yarinya. Ashe kati ne, shi ma na cikin salula: Yu-Gi-Oh! Master Duel, wasan da kamfanin Konami na Japan ya fitar a watan Janairun 2022. Abokin ya ce ma ƙanena "ɗan kwafe" a gaban mutane a fada, shi kuma ya mayar masa da "ɗan faɗuwa". Aka yi dariya, su kuma suka riƙe abin a zuci.

Ga wanda bilot kaɗai ya sani, sai na ɗan yi bayani. A bilot kati 32 ne na kowa da kowa, a gauraya a raba, abin da ya faɗo hannunka shi ne rabonka, ba mai zarginka don manyan kati sun zo maka. A wannan wasa kuwa kai ne za ka haɗa ƙunshinka tun kafin ka zauna, kati 40 zuwa 60 daga cikin fiye da dubu goma, kuma kada kati guda ya wuce kwafi uku. Ƙunshin nan shi ƴan wasa ke kira dek. Tunda kai ka zaɓa, ana iya yi maka hukunci a kan zaɓin, kuma daga nan rigimar ta taso. Abokin yana riƙe da dek ɗin Dark Magician, katin jarumin zanen da Kazuki Takahashi ya fara a 1996, wanda suka taso suna kallo a katun. Ƙanena ma da shi ya fara. Daga baya ya watsar, ya koma duba intanet ya ga wane dek ne ke cin gasa a wannan watan, ya kwafe shi kati bayan kati.

Da farko ina bayan abokin. Wa ke son mai kwafe? Tun muna lakwal aka koya mana ƙinsa. Sai da na zauna kusa da ƙanena dare biyu ina kallon yadda yake wasa, sannan ra'ayina ya fara motsi.

Abu na farko da na gani, talauci ne. Ana sauke wasan kyauta, amma manyan kati ba sa zuwa kyauta. Ko ka saya da kuɗi, ko ka tara ladan da wasan ke bayarwa kaɗan-kaɗan, ko ka wargaza kati uku masu daraja ɗaya ka ƙera guda da kake so. Ga kuɗin forfe, ga rezo da ke yankewa, ga jiran kuran don sharji. Yaron da ya yi wata biyu yana tarawa, dek ɗaya zai iya haɗawa, in ya yi kuskure sai wasu watanni. Da na ce masa me ya sa ba ya ƙirƙiro nasa, sai ya ce, "Yaya, mai kuɗi ke gwaji. Ni in na gwada ya lalace, wa zai biya ni?" Dek ɗin da ke saman jeri, dubban mutane sun riga sun gwada shi a madadinsa, sun cire abin da ba ya aiki. Wanda ya shiga kasuwa da jika ɗaya ba ya sayen abin da bai taɓa ɗanɗanawa ba.

Na biyun shi ya fi damuna, don ya juya zargin kan wanda nake karewa. Mai riƙe da dek mai rauni ya riga ya sayi uzurinsa kafin a fara. In ya ci, gwani ne. In ya faɗi, ai ɗaya ɓangaren kwafe ya yi. Ta kowace hanya mutuncinsa na nan. Mai riƙe da dek mafi ƙarfi kuwa ba shi da wurin ɓuya, in ya faɗi shi ne ya faɗi. Kuma ba gaskiya ba ne wai irin waɗannan dek su ke buga kansu. Tearlaments, wanda ya mamaye gasa a 2022 da 2023, katinsa suna aiki ne idan sun faɗa makabarta, wato wurin da ake zubar da katin da aka gama da su, har a lokacin da abokin karawa ke da hannu. In mutum biyu masu wannan dek suka haɗu, wanda ya ruɗe a jerin matakai shi zai sha ƙasa. Haka yake a ɗakin PS: kowa Real Madrid yake ɗauka, amma ba kowa ke ci ba.

Mark Rosewater, babban mai tsara katin Magic: The Gathering (wasan da ya buɗe wannan fage a Amurka a 1993), ya yi wani rubutu a 2002 inda ya raba ƴan wasa gida uku. Timmy yana son jin daɗin manyan kati, Johnny yana son nuna basirarsa ta haɗa abin da ba wanda ya haɗa, Spike yana son ci don ya gwada kansa. Rabon ya yi sauƙi da yawa a ganina, kuma kada a manta mai sayar da kaya ne ke rarraba masu saye. Amma ya nuna mini cewa yaran nan biyu suna zaune kan tabarma guda, kowa da wasan da yake yi.

To, ni ɗalibin nazarin harshe ne, dole kalmar ta ja ni. Dek ɗin da ke mulki a wani lokaci ana ce musu meta. Wasu na cewa wai taƙaita kalmomin Ingilishi huɗu ne masu nufin dabara mafi inganci da ake da ita. Wannan ƙirƙirar baya ce. Asalinta ɗafa-goshi ne na Girkanci, kuma a nan tana nufin wasan da ke bayan wasa: hasashen abin da sauran mutane za su zo da shi. Ke nan ƙarfin dek ba a jikinsa kaɗai yake ba, yana ga abin da kowa ya ɗauko. Da na fahimci haka sai na ji kunya ta kama ni, don na gane kaina. A gida cewa nake "na faɗa ma Inna". Da na ɗauki biro sai hannuna ya rubuta "wa", irin na Kano, ba tare da kowa ya tsaya kaina ba. Me ya sa? Don ita ce Hausar da aka riga aka gwada. Tun dokokin rubutun da Hans Vischer ya fitar a 1912, zuwa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a Zariya a 1939, zuwa taron Bamako na 1966 kan rubuta harsunan Afirka ta Yamma, littattafai da ƙamus da masu gyaran jarrabawa sun taru a gefe guda. Ni ma ba ni da makin da zan yi gwaji da shi.

Kwatancen yana da iyaka, na sani. Ana iya ƙirga sau nawa dek ya ci, amma ba ma'aunin da zai nuna "wa" ta fi "ma". Inda suka haɗu shi ne, a duka biyun akwai hannun da ya ɗora abin a sama. A wasan kati hannun a fili yake. Kamfani ne ke ƙera sabon kati mai ƙarfi, ya sayar, in kowa ya mallaka wasan ya gundure, sai ya fito da jerin katin da aka hana ko aka rage. A Magic, katin Oko, Thief of Crowns ya fito a Oktoban 2019, kafin ƙarshen Nuwamba an kore shi daga babban rukunin gasa. A Yu-Gi-Oh!, an haramta Maxx "C" a gasar takarda ta Turai da Amurka tun 2018, amma Master Duel ya zo da shi a halatte. Kati guda, hukunci biyu, kamar yadda mu a Nijar muke rubuta ƴ, ƴan uwanmu na Daura, nan kusa da mu, suna rubuta 'y.

A nan ne nake da ƙorafi a kan ƙanena. Yana ganin shi mai wayo ne da ya bi abin da ke ci, bai lura cewa an riga an tsara masa abin da zai so bayan wata uku ba. Jeri ya sauya, ya wargaza dek, ya sake tarawa. Kuma kwafe iri biyu ne. Na nuna wani kati mai suna Ash Blossom a dek ɗinsa na ce me ya sa har uku, ya yi mini bayani tiryan-tiryan: yana tare abokin karawa lokacin da zai jawo kati daga ƙunshinsa, kuma kusan kowa na jawowa. Na nuna wani, ya sosa ƙeya ya ce, "Haka yake a jerin." Na farkon koyo ne daga waɗanda suka riga ka, kamar yadda kowane ɗan kokowa ke koyon kamu wajen manya. Na biyun hadda ce irin ta resitasiyon, kuma ranar da jerin ya sauya ba abin da zai rage masa. Abokin nasa, duk da uzurin da na zarge shi da shi, ya san kowane kati arba'in ɗinsa kamar ƴaƴan gidansu.

Daren da zan koma makaranta na faɗa ma ƙanena duk wannan, har da maganar "ma" da "wa", ina jin kaina malami. Na tuna masa cewa tun Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Ya saurara, idonsa na kan salula, sannan ya ce, "To Yaya, kai memuwar ɗinka da wane harshe za ka rubuta?"

Na ce da Faransanci.

Ya ce, "Ɗan kwafe," ya ci gaba da wasansa.