Matan Zambiya Masu Karanta Daji

Da ruwan farko ya sauka a arewacin Zambiya, wajen watan Nuwamba, sai gefen manyan hanyoyi ya cika da kwanoni da kwanduna. Mata da yara ne ke zaune, gabansu tsibi-tsibi na naman kaza, wanda wasunmu ke kira laimar kwaɗi: ga fari, ga ja, ga ruwan ɗorawa, wani ma faɗinsa ya fi faifai. Mutanen Bemba suna ce masa ubowa. Matafiyi kan tsaya ya saya ya wuce, bai san irin ilimin da ya cika kwandon nan ba.

Gwanar tsinta idan ta shiga daji da sassafe, bishiyoyi take fara dubawa kafin ƙasa. Dajin nasu sunansa miyombo, ya ratsa Angola da Zambiya da Malawi har Tanzaniya da Mozambik, kuma cikin itatuwansa akwai 'yan'uwan dokarmu na jini. Hasali ma sunan da masana suka raɗa wa doka, Isoberlinia doka, daga bakin Bahaushe aka ɗauko rabinsa. Laimar da muke gani a sarari tamkar 'ya'yan itace take. Ainihin jikin yana ƙarƙashin ƙasa, zare ne sirara da suka fi gashi laushi, suna nannaɗe saiwar bishiya. Zaren nan yana zuƙo ruwa da sinadaran ƙasa irin su fosfaras ya miƙa wa bishiya, ita kuma ta biya shi da sukarin da ganyenta ya haɗa da hasken rana. Cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ke nan, kuma da shi itatuwan ke rayuwa a ƙasa marar ƙarfi. Matar ba ta taɓa ganin zaren da na'ura ba, amma ta san gindin da ya ba ta bara zai sake ba ta bana, kuma ta san wane iri ke bin wace bishiya.

Makarantarta ta biyu suri ne. Akwai garar da ke noma tun miliyoyin shekaru kafin ɗan'adam ya riƙe fartanya. Takan tauna busasshiyar ciyawa da itace, ta gina wani abu kamar saƙar zuma a cikin suri, ta shuka irin naman kaza a kai. Shi ke narkar da abin da cikinta ba zai iya ba, ita kuma ta ci. Idan damina ta kankama, sai ya turo doguwar jijiya daga can ƙasa ya buɗe laima a waje. Sarkin masu fitowa daga suri shi ne chikolowa, wanda faɗin laimarsa kan kusanci mita 1, ɗaya tak ya ishi gida guda miya. Sai a 1980 David Pegler da Graham Piearce suka shigar da shi littafin kimiyya da sunan Termitomyces titanicus, alhali kakannin matan nan sun daɗe da sanin surin da ke haifarsa da makon da zai fito.

Inda gwaninta ta fi fitowa shi ne wurin tantancewa, domin kuskure a nan kabari ne. Tente, farin naman kazan da aka fi so a kasuwa, dangin Amanita ne, kuma a dangin nan ne ake samun wanda ya fi kowane kisa a duniya. Gubar wannan makashin ba ta nuna kanta sai bayan sa'o'i 6 ko fiye, sannan ta kama hanta. Saboda haka gwana ba ta yarda da launi kaɗai. Takan kifar da laimar ta dubi ƙarƙashinta, ta tono gindin gaba ɗaya ta ga siffarsa, ta sansana, ta karya ta ga ko zai zubo da ruwa kamar madara, yadda wani iri mai suna kabansa ke yi. Wanda ba ta san sunansa ba, komai kyansa, a nan take barinsa. Yarinya kan yi damuna da damuna tana bin uwarta ko kakarta, tana kawo abin da ta tsinto ana zubar da rabi, kafin a yarda kwandonta ya shiga tukunya ba bincike.

Sammako ma cikin sana'ar yake, don tsutsa da zafin rana ba sa jira. Wanda za a ci yau a dafa shi da gyaɗa a sha da tuwon masara, wanda ya ragu a ɗan tafasa a shanya. Damina kuwa ita ce lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, don haka kwandon nan ke riƙe gida har kaka.

Masu gidajen gona sun iya noma wasu irin naman kaza a buhun dusar katako, amma tente sai da bishiyarsa. Idan mai gawayi ya sare dajin ya tura buhuna birnin Lusaka ko Kitwe, zaren da ke jikin saiwa shi ma yunwa ta kashe shi. Badi matar za ta zo inda ta saba ta tarar da kututture, kuma jikarta ba za ta sami abin da za a nuna mata a ce mata ga sunansa ba.