Giɓin da Ya Rikita Fomula 1: Bitar Shirin Brawn

Fam ɗaya tak Ross Brawn ya biya ya karɓi ƙungiyar tseren motoci ta Honda a watan Maris na 2009, bayan kamfanin na Japan ya janye daga gasar Fomula 1 saboda matsin tattalin arziki. Kafin shekarar ta ƙare, ƙungiyar ta ɗauke kambun duniya biyu, na direba da na masu ƙera mota. Labarin da shirin Brawn mai kashi huɗu yake bayarwa ke nan. Disney+ ta fitar da shi a Nuwamban 2023, jarumin fina-finai Keanu Reeves ne mai gabatarwa, kuma ni dai ina sonsa ƙwarai.

Inda ya fi kama ni shi ne rigimar ƙarƙashin mota. Motar tsere tana buƙatar iska ta danne ta, don tayoyi su riƙe kwalta a kwana. Iskar da ke gudu ta ƙarƙashinta ita ke tsotse ta ƙasa, sannan ta fice ta wata mafita mai buɗewa a baya, wadda ake kira difyuza. Dokar 2009 ta matse wannan mafitar, ta ce tsayinta kada ya wuce milimita 175, da nufin motoci su riƙa samun sauƙin wuce juna. Sai injiniyoyin ƙungiyar Brawn suka lura cewa ƙasan motar hawa biyu ne. A mahaɗar hawan suka bar ƙofa, iska ta samu hanyar shiga wata mafita ta biyu a saman ta farko. Abokan hamayya suka ce rami ne, kuma doka ta hana rami. Su kuwa suka ce giɓi ne tsakanin sassa biyu.

Ferrari da Renault da Red Bull suka shigar da ƙara tun a tseren farko a Ostireliya, amma kotun ɗaukaka ƙara ta FIA, hukumar da ke kula da gasar, ta halatta ƙirar ranar 15 ga Afrilu. Direban Brawn, Jenson Button, ya ci shida daga cikin tsere bakwai na farko.

Gwanintar shirin ita ce bai tsaya a bakin waɗanda suka yi nasara ba. An zaunar da Luca di Montezemolo da Christian Horner, shugabannin Ferrari da Red Bull a lokacin, kuma shekara goma sha huɗu bayan nan za ka ga abin bai bar ransu ba. Ga Bernie Ecclestone, jagoran harkar Fomula 1 a lokacin, yana magana yana taunawa. Ga Rubens Barrichello, ɗaya direban Brawn, wanda ya ci tseren Falensiya da na Monza, yana tuna lokacin da ya ji kamar an fifita abokin tuƙinsa Button. Shi kuwa Brawn, muryarsa ba ta tashi, bayani yake yi dalla-dalla kamar malami a gaban almajirai. Reeves ma ya ba ni mamaki: yana tambaya da ɗokin mai son abin, kuma ya iya yin shiru ya bar mutum ya ƙarasa.

Sai dai na so a ce an daɗe a kan ita kanta iskar. Bayanin difyuzar ya wuce da sauri, alhali ita ce ƙashin bayan labarin. Toyota da Williams ma sun zo da irin wannan ƙirar amma ko tsere ɗaya ba su ci ba a shekarar, kuma dalilin haka ya cancanci zama na musamman, domin yana nuna cewa fiffiken gaban motar Brawn da injin Mercedes su ma sun yi aiki. Haka nan maganar fam ɗaya, duk da daɗinta, tana iya rufe dukiyar da Honda ta zuba wajen ƙera motar tun 2008, da gumin injiniyoyinta na Japan. Na kuma ji rashin Max Mosley, shugaban FIA na lokacin, wanda ya rasu a 2021; da yana raye, da an ji ta bakin mai dokar.

Waɗannan ba su rage masa daraja a idona ba. In kana son sanin yadda karanta doka da kyau ke cin tsere tun kafin a tayar da inji, ka nemi shirin nan ka kalla daga farko har ƙarshe.