Ta wane gefe ake fasa ƙwai? Waiwaye kan maƙalar Danny Cohen ta 1980

Ɗauki lamba 258. Bayit ɗaya daga 0 zuwa 255 yake tsayawa, don haka dole kwamfuta ta raba lambar gida biyu: 1 a babban gida, wato 256, sai 2 a ƙarami. To, wanne za a fara rubutawa? Wasu injuna kan sa babba a gaba, wasu kuma ƙarami. Mu Hausawa mukan ce ashirin da biyar, Balarabe kuwa biyar yake fara faɗa kafin ashirin, kuma duk an fahimta. Amma idan injin da ke sa ƙarami a gaba ya karanta fayil ɗin ɗaya ɓangaren ba tare da an sanar da shi ba, 258 ɗinka za ta koma 513. Ba gargaɗi, ba komai.

A ranar 1 ga Afrilun 1980, Danny Cohen, masanin kwamfuta a Jami'ar Kudancin Kalifoniya ta Amurka, ya fitar da wata gajeriyar maƙala kan wannan rigima. Ya aro labari daga littafin tafiye-tafiyen Gulliver na Jonathan Swift, na 1726, inda ƙasashe biyu suka yi ta yaƙi kan ko ta babban gefe ake fasa ƙwai ko ta ƙarami. Sunayen da ya laƙaba wa ɓangarorin biyu su ake amfani da su har gobe. Hukuncinsa a taƙaice: ba wanda ya fi wani, a dai yarda da tsari ɗaya.

Nan ya yi gaskiya, kuma tarihi ya mara masa baya. Ƙa'idojin intanet sun tsaya kan babba a gaba, shi ya sa wayarka ke hira da kowace kwamfuta a duniya ba tare da ka san da wannan gardama ba.

Inda nake ganin maƙalar ba ta kai ba shi ne wajen fayil. Hankalin Cohen yana kan saƙon da ke bin waya tsakanin injuna biyu masu rai, waɗanda za su iya daidaitawa. Fayil kuwa yakan yi shekara talatin a ajiye, injin da ya rubuta shi ya mutu, mai manhajar ya yi ritaya. Da wa za ka daidaita? Kuma masu ƙera injuna ba su haɗa kai ba. Intel na sa ƙarami a gaba, yayin da Motorola 68000 da SPARC da manyan kwamfutocin IBM ke sa babba. Lokacin da Apple ya bar PowerPC ya koma Intel a 2006, duk manhajar da ke juye abin da ke ƙwaƙwalwar inji kai tsaye cikin fayil sai da aka sake duba ta.

Na biyu, misalin ƙwai ya sa mutane suna ɗaukar abin wasa. Ƙwai ta ko'ina ka fasa, ƙwai ne. Lamba ba haka take ba. Idan 1 mai bayit huɗu ta juye ta zama 16,777,216, za ka gane nan take. Amma 513 a madadin 258 fa? Idan awon ruwan sama ne, sai ta wuce cikin jadawali salin alin, ta shiga lissafi, ta shiga rahoto.

Waɗanda suka fi kyautata maganin su ne masu tsara fayiloli. Buɗe hoton TIFF, haruffa biyu na farko ko dai II ne, wato tsarin Intel, ko MM, na Motorola. Fayil ɗin da kansa yake gabatar da kansa. Rubutun UTF-16 kan fara da wata alama mai bayit biyu don wannan manufa. FITS na masana taurari da hoton PNG kuwa sun yanke magana ne: babba a gaba, ko wane inji ya rubuta. WAV ya zaɓi akasin haka.

Darasin shi ne wanda Rob Pike, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiri harshen Go, ya jaddada a 2012: kada ka tambayi tsarin injinka, tambayi tsarin fayil ɗin. Karanta bayit ɗaya bayan ɗaya, ka haɗa lambar da kanka bisa abin da ƙa'idar fayil ta ce. Manhajar da aka rubuta haka za ta ba da amsa ɗaya a kowane inji. Wadda ke cewa "idan injina kaza ne, a juya" tana da reshen da wataƙila ba a taɓa gwadawa ba.

Har yanzu maƙalar Cohen ta cancanci karatu, ga ta gajera, ga ban dariya. Amma idan kana tara bayanan bincike, ƙara da abin da bai tsaya a kai ba. Rubuta tsarin a kan fayil ɗin, ka sa wata lamba da ka sani a farkonsa don gwaji. Ɗalibin da zai buɗe shi nan da shekara ashirin ba zai same ka a waya ba.