Hukuncin Gaggawa a Kan Waƙa ta Biyu

Duk wanda ya saba zama a rumfunan cajin waya na ƙasarmu, tun daga Unguwar Ya zuwa cikin garin Birnin Kudu har Gwaram, inda samari ke miƙa memori a zuba musu sababbin waƙoƙi, ya san cewa akwai wani hukunci da ake yankewa a can wanda babu alƙalin da zai yarda ya yanke irinsa, domin ana yanke shi ne tun ba a gama jin shaida ba. Mawaƙi zai yi waƙa ta yi tashe, ta cika gidajen biki da motocin haya, sa'an nan bayan 'yan watanni ya fito da wata. To kafin amshinta ya zagayo sau biyu sai ka ji wani ya ce ba ta kai ta farko ba, wani ya ce basira ta ƙare, na uku ya ce dama can sa'a ce, kuma a kan wannan ijma'i na mutum uku za a tashi.

Hamisu Breaker na Ɗorayi ya ɗanɗana wannan. A shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta kulle mutane cikin gidajensu, waƙarsa Jaruma ta bazu yadda ba a saba gani ba, har matan aure suka riƙa taka rawarta gaban mazajensu suna sakawa a intanet, malamai kuma suka yi ta tsokaci a kai. Tun daga sannan ya yi waƙoƙi da dama, amma kowacce ta fito sai an ɗora ta a mizani ɗaya da waccan, kuma ni a ganina wannan awo babu insafi a cikinsa, saboda abin da masu awon ke tunawa ya wuce sautin waƙar kaɗai: suna tuna zaman kulle, da Sallar da aka yi ba ziyara, da yadda kowa ya ƙura wa waya ido don babu wurin zuwa. Mawaƙi yana iya sake yin kari mai daɗi, amma ba shi da ikon dawo da wancan lokaci.

Akwai kuma wani sababi da manomi zai fi kowa fahimta. Aikin farko na mai fasaha kamar shukar gonar da ta daɗe tana hutu ce, ya zuba a ciki duk abin da ya tara tun yana yaro, babu mai jiransa, babu mai matsa masa. Na biyu kuwa ana bukatarsa cikin wata shida, alhali kwanakinsa sun tafi a hanyar biki da taro da ɗaukar hoto.

Kada a zaci jahilcin 'yan rumfa ne ya jawo haka, don kuwa ma'abota alƙalami na Ingila, waɗanda sharhin kiɗa shi ne sana'arsu, sun faɗa ramin har sau biyu a kan ƙungiya ɗaya. Oasis, makaɗan rok na birnin Manchester, waɗanda 'yan'uwa biyu Noel da Liam Gallagher suka jagoranta, sun fitar da faifansu na farko a 1994, aka yaba. Da na biyu, Morning Glory, ya fito a watan Oktoba na 1995, da yawa daga cikin masu sharhi suka karɓe shi da sanyin jiki, suka ce bai kai na farko ƙarfi ba. Sai jama'a suka ƙaryata su da aljihunsu, faifan ya sayu miliyoyi, har a 1996 mutum kusan 250,000 suka taru a Knebworth cikin dare biyu don su saurare su. Kunyar wannan kuskure ita ta haifi na gaba. Da faifai na uku, Be Here Now, ya zo a watan Agusta na 1997, masu sharhi suka yi rige-rigen kambama shi, aka sayi fiye da 600,000 a Birtaniya cikin kwanakin farko, amma ba a daɗe ba kunnuwa suka gaji da tsawonsa, wanda ya haura minti 70, da tarin jitar da aka jibga wata kan wata, har shi Noel, wanda ya rubuta waƙoƙin, ya dawo yana kushe shi da bakinsa. A karon farko masu sharhin sun auna faifai da wanda ya gabace shi, a na biyu sun auna shi da shuhurar masu shi da tsoron kada a sake yi musu dariya, kuma a duka biyun gaggawa ce ta hana su sauraren abin da ke gabansu.

Mu namu sharhin ya fi haka rauni, domin mizani biyu kacal muke da su. Na ɗaya yawan waɗanda suka kalla a YouTube ko suka yi rawa a TikTok, inda ake yanko gutsure kaɗan a watsar da saura. Na biyu halacci da haramci. Lokacin da Ado Gwanja ya bi waƙarsa Warr da wata mai suna Chass a 2022, ya zuba ta biyu a kan salon ta farko, kasuwa kuma ta karɓa, maganar da aka yi ta yi, har ta kai gaban kotu a jihar Kano, ta tarbiyya ce. Ba na jayayya da haƙƙin malamai na faɗar abin da shari'a ta ce, wannan wajibinsu ne. Abin da ke ba ni ta'ajibi shi ne, a cikin duk wannan hayaniya da wuya ka ji wanda ya tsaya ya tambaya ko ta biyun ta ƙara wani abu a kan ta farko ta fuskar kari da amsa-amo da sarrafa harshe, ko kuwa maimaici ne aka sauya wa riga.

Magabata ba su san wannan gaggawa ba, saboda waƙa a wurinsu ba ta da ranar kammaluwa. Alhaji Mamman Shata ya shekara da shekaru yana rera Bakandamiyarsa, yana ƙari yana ragi gwargwadon wuri da masu sauraro, har ya rasu a 1999 ba wanda zai nuna rerawa ɗaya ya ce ita ce kaɗai sahihiya. Malam Aliyu Namangi na Zariya bai tsaya a Imfiraji ta farko ba, ya yi ta bin ta da 'yan'uwanta, kuma almajiran da suka haddace su ba su zauna suna gardamar wacce ta kayar da wacce ba. Tun a Jahiliyya ma an ruwaito cewa Zuhairu ɗan Abi Sulma yakan shekara yana tace ƙasida ɗaya kafin ya bari a ji ta. Sutudiyo ce ta daskarar da waƙa a kan siffa ɗaya, waya kuma ta wajabta a yi mata hukunci a daren da ta fito.

Kayan awon kuwa muna da su. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya shimfiɗa hanyar nazarin waƙar baka, da turkenta da tsarinta da salonta, kuma ɗalibai sun daɗe suna gwada ta a kan Narambaɗa da Ɗanƙwairo. Da gidajen rediyon Dutse da Kano za su zaunar da irin waɗannan ɗalibai, su ɗauko kundin da Nura M. Inuwa ko Umar M. Shareef ya fitar bara, ba na makon jiya ba, su bi shi waƙa bayan waƙa, da mawaƙan sun sami abin da zai amfane su fiye da zagi da kirari. A haɗa su da masu kunna kiɗa a bukukuwan bayan kaka na ƙauyukanmu, domin su ne ke riƙe da lissafin waƙar da 'yan mata suke ci gaba da roƙo a saka bayan shekara biyu, da wadda tun kafin damina ta zagayo aka goge daga memori.