Bindigar Farautar Barewa: Me Ya Sa Mai Sakata Ta Fi Mai Ɗana Kanta

Da kaka ta shiga a Amurka, musamman daga watan Nuwamba, miliyoyin mutane kan saɓa bindiga su nufi daji farautar barewa mai farar wutsiya, wadda ake kashe kusan miliyan 6 daga cikinta duk shekara. Bindigar da aka daɗe ana gani a kafaɗar mafi yawan waɗannan mafarauta ita ce mai sakata, wadda maharbi zai ɗaga mariƙinta da hannu, ya ja baya kwanso ya fita, ya tura gaba sabon harsashi ya shiga, ya mayar ya kulle. Amma tun da wa'adin dokar tarayya ta 1994, wadda ta taƙaita sayar da wasu bindigogi masu ƙirar soja, ya cika a 2004, bindigogi masu ɗana kansu suke ta kutsowa cikin dajin farauta. Galibinsu jikokin AR-10 da AR-15 ne, waɗanda Eugene Stoner ya tsara a shekarun 1950. Yanzu ana yi musu fentin ganye, a ba su harsasan da suka isa kayar da barewa, a tallata su da cewa harbi na biyu da na uku suna nan a bakin yatsa. A ganina wannan talla ta sa mutane suna auna bindiga da abin da bai kamata a fara auna ta da shi ba, kuma wanda zai sayi bindiga ɗaya don barewa, mai sakata ce ta fi dacewa da shi.

A fara duba yadda harbin barewa yake. Mafarauci kan yi awanni a zaune kan bishiya ko bayan wani kurmi, cikin sanyi, kafin dabbar ta ɓullo. Wurin da yake so harsashi ya shiga shi ne bayan kafaɗa, inda huhu da zuciya suke, kuma faɗinsa bai wuce na faifai ba. Wannan harbi na farko shi kaɗai ake yi wa dabbar tana tsaye, maharbi ya jingina bindigarsa, numfashinsa a kwance. Da ƙara ta tashi komai ya canja, don barewa na iya zura gudun da ya kusa kilomita 50 a awa, tana tsalle tana ratsa itatuwa. Duk harbin da ya biyo baya ya fi na farko wuya nesa ba kusa ba. Saboda haka abin da ya kamata mai saye ya fara tambaya shi ne, wace bindiga ce ke kai harsashin farko daidai inda aka saita, ko da ta kwana cikin raɓa da ƙanƙara?

Amsar tana cikin ƙirar da Paul Mauser ya kammala a Jamus a 1898. Sakatar tana da haƙora a gabanta waɗanda ke kulle kansu cikin ƙarfe dab da gindin harsashi, don haka lokacin da albarushi ya kama babu abin da ke motsi sai harsashin da ke fita. Ba a ɗebo iskar albarushi daga bututu a juyar da ita baya don ta tura wani ƙarfe, yadda ake yi a yawancin masu ɗana kansu. Ƙarfin wannan kulli ne ya ba ta damar ɗaukar kowane irin harsashi, daga ƙanana masu sauƙi a kafaɗa har manya. Sojan Amurka sun kwaikwayi ƙirar a bindigarsu ta Springfield ta 1903 har sai da suka biya kamfanin Mauser kuɗin haƙƙi, kuma daga ita aka sami harsashin .30-06 a 1906, wanda har yau yana cikin waɗanda aka fi kashe barewa da su. Winchester Model 70 ta fito a 1936, Savage 110 a 1958, Remington 700 a 1962, kowaccensu kan wannan turba. Akwai kuma ƙananan abubuwan da sai wanda ya zauna a daji yake sanin darajarsu. Ana iya rufe sakata a hankali ba tare da ƙara ba, alhali mai ɗana kanta tana son a sake ta ta rufe da ƙarfi, in ba haka ba tana iya ƙin kullewa sosai. Ana iya zare sakatar gaba ɗaya, a leƙa bututu daga baya a tabbatar babu komai ciki, a kuma wanke shi ta nan. Ga kuma farashi: bindigogi masu araha irin Ruger American da Savage Axis da Tikka T3x kan tara harsasai cikin kusan inci ɗaya a nisan yadi 100, abin da a da sai mai kuɗi.

Hujjar da ta fi nauyi a hannun masu son mai ɗana kanta hujja ce ta tausayi, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Suna cewa ko gwani kan yi kuskure, iska kan kaɗa, dabba kan motsa daidai lokacin da aka taɓa kunama, to idan an ji mata rauni, ashe bai fi a gama da ita cikin daƙiƙa ɗaya ba da a bar ta ta je ta mutu a wahale? Manufar daidai ce, kuma Musulmi ya san ta tun daga umarnin kyautata wa dabba ko a wajen yanka. Inda na rabu da su shi ne lissafin. Abin da ke cin lokaci tsakanin harbi da harbi a bindigar barewa shi ne tokarin da take yi wa kafaɗa, ɗagawar bakinta sama, ɓacewar dabbar daga madubin saiti da sake nemo ta. Wanda ya horar da hannunsa yakan juya sakata cikin wannan ɗan lokacin ba tare da ya sauke bindigar daga kafaɗa ba, ta yadda kafin idonsa ya koma kan dabbar harsashi ya riga ya shiga. Ribar saurin mai ɗana kanta takan fito ne a harbin da ba a gama saitawa ba, kuma irin wannan harbi kan barewa mai gudu shi ke fasa ciki ko karya cinya, shi ne kuma ke wucewa ya nufi inda maharbi bai duba ba, a dajin da wasu mafarauta ke zaune. Sannan akwai abin da kayan aiki ke yi wa tunanin mai riƙe da su. Wanda ya san akwai harsasai a jere suna jiran yatsansa ya fi saurin yarda da harbin da bai nuna ba, yana cewa in wannan ya kuskure na gaba zai gyara. Ba kowa ke faɗawa wannan tarko ba, amma bindigar da ake tallatawa da saurin harbi na biyu tana kiran mutum zuwa gare shi.

Wata hujjar tasu ita ce bindigogin AR na yanzu suna da saiti mai kyau, tokarinsu da sauƙi, gindinsu kuma ana iya ƙara masa tsawo ko a rage don ya dace da yaro ko mace ko mai ƙaramin jiki. Duk wannan gaskiya ne, kuma wanda ya riga ya mallaki irinta da harsashin da doka ta yarda da shi, ba sai ya sayar ba. Sai dai harsashin da aka fi sanin AR-15 da shi, .223 Remington, ƙarami ne har wasu jihohi ba su yarda a harbi barewa da shi ba. In an koma AR-10 don samun .308, nauyi da kuɗi sun ƙaru. Sauƙin tokari kuwa ana samunsa a mai sakata da .243 Winchester ko 6.5 Creedmoor, har ma da .350 Legend da Winchester ta fitar a 2019 saboda jihohi irin Ohio masu sharaɗin harsashi mai miƙaƙƙen kwanso.

Dokokin wasu wurare ma sun gwada mana abin a aikace. Pennsylvania na cikin jihohin da suka fi yawan mafarautan barewa, kuma ko da ta buɗe ƙofa ga bindigogi masu ɗana kansu a 2017, ta tsaya kan ƙananan dabbobi, ba ta kai ga barewa ba. Birtaniya ta haramta manyan bindigogi masu ɗana kansu a 1988 bayan kisan gillar da aka yi a garin Hungerford, kuma masu rage yawan barewa a tsaunukan Sikotland da dazuzzukan Ingila suna aikinsu da mai sakata ba tare da aikin ya tsaya ba. A Jamus, inda ake koro aladun daji da karnuka ana harbinsu a guje, doka ba ta bar mai ɗana kanta ta ɗauki fiye da harsashi 3 a farauta ba, kuma bindigar da ta yi fice a can ita ce Blaser R93 ta 1993 da magajiyarta R8, masu sakatar da ake ja kai tsaye ba tare da ɗaga mariƙi ba.

Wadda nake ganin tana da hakkin jayayya da mai sakata ita ce mai liba, wadda ake ɗana ta da mariƙin da ke ƙarƙashin kunama. Winchester Model 1894, ƙirar John Browning, an ƙera fiye da miliyan 7, kuma ita da harsashinta .30-30 sun ciyar da gidaje masu yawa da nama. Siririya ce, marar nauyi, tana hawa kafaɗa da sauri a kurmin da ba a hangen fiye da yadi 70. Matsalarta harsasan suna jere ne cikin bututu, hancin ɗaya na taɓa gindin na gabansa, don haka dole hancin ya zama mai faɗi, wanda ke rage masa nisa. Kamfanin Hornady ya sassauta wannan da harsashi mai tsinin roba, Marlin 336, wata mai liba, kuma tana fitar da kwanso ta gefe don a iya ɗora madubi, ga shi Ruger ta sayi Marlin a 2020 ta dawo da ita kasuwa. Wanda farautarsa duk a kurmi take, ba zan ce ya yi kuskure da ita ba. Amma ranar da ya tsaya bakin gonar masara da aka girbe, barewa na can yadi 250, zai so a ce .30-06 ce a hannunsa.

Ita ma mai sakata tana da yayin da ke damuna, wato harbi daga yadi 600 ko 700 don kawai bindiga da madubi suna iyawa a filin gwaji. A irin wannan nisa harsashi na ɗaukar kusan daƙiƙa guda a hanya, kuma taku ɗaya na dabbar ya isa ya mai da harbin huhu harbin hanji. Maharbin ƙasar Hausa mai harba-ka-ruga ya san harbi ɗaya gare shi, shi ya sa yake karanta iska da sawu, ya yi sanɗa har ya kusanci gada ko barewa kafin ya taɓa kunama, kuma akwai Amurkawan da ke zaɓar Ruger No. 1 mai ɗaukar harsashi ɗaya don su tilasta wa kansu wannan tarbiyyar. Ban ce kowa ya kai nan ba. Shawarata ga sabon mafarauci ita ce ya sayi mai sakata mai matsakaicin farashi, da harsashin da kafaɗarsa za ta iya jurewa, ragowar kuɗin ya zuba a madubi mai kyau da kwalayen harsashi, ya yi ta gwaji a zaune da durƙushe da jingine da bishiya, yana juya sakata bindiga na kafaɗa, har ya san nisan da harsasansa ke fara fita daga faɗin huhun barewa, ya kuma daina harbi kafin wannan nisan.