Faɗan Ƴan Kwangila, Da Ruwanmu a Ciki

Hausawa sun ce faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi. Haka mu matasan Magarya da Dungas muke kallon rigimar ƴan kwangila in an raba aiki, wani ya samu wani ya rasa. Wanda ya rasa ya yi ta kumfar baki a tasha, mu kuwa mu ce: "Kai, ƙyale su, duk kanwar ja ce." Ni dai ban yarda da wannan ba. Ajin da suke faɗa a kansa ƙannenmu ne za su zauna ciki, kuɗin kuma na lampon iyayenmu ne ko bashin da mu za mu biya. Ƙarar wanda aka ƙi tayinsa tana cikin ƙofofi ƙalilan da talaka zai leƙa ya ga yadda aka yi rabo. Shi ya sa nake son mu duba yadda aka tsara wannan ƙofa, da inda aka matse ta.

Ga yadda abin yake a takarda. In meri ko wata ma'aikata za ta gina azuzuwa ko gidan likita, sai ta yi shela, abin da ake kira appel d'offres da Faransanci. Kowane ɗan kwangila ya kawo tayinsa cikin ambulan a liƙe, a buɗe gaban kowa, kwamiti ya tantance, a rubuta wa wanda aka ƙi dalilin ƙin sa. In bai gamsu ba, yana da kwana 5 na aiki ya kai kuka wurin mai ba da aikin. Shi ma mai aikin yana da kwana 5 ya amsa. In amsar ba ta yi masa ba, ko aka yi masa shiru, yana da kwana 3 ya garzaya gaban kwamitin sasanta rigingimu, wato CRD, na hukumar da muka sani da ARMP, wadda aka mayar ARCOP a ƙarshen 2022. Tushen tsarin umarnin ƙungiyar UEMOA ne na Disamba 2005, da dokar Nijar ta Oktoba 2011.

A faɗi gaskiya, tsarin ba banza ba ne. A kwamitin akwai wakilan gwamnati, da na ƴan kasuwa, da na ƙungiyoyin farar hula. Ƙara tana dakatar da ba da aikin har a yanke hukunci, kuma kwamitin na iya cewa a sake tantancewa. Ɗan kwangila na iya ka da ma'aikata ba tare da ya shekara a kotu ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To amma wa aka yi wa wannan rigar? Kwamitin a Yamai yake zama. Daga Magarya zuwa Yamai kusan kilomita 1,000 ne. Ku ɗauki magini ɗan Guci ko Dogo-Dogo da ya kai matsayin neman ginin aji uku. Dole ya samu mai rubuta masa ƙara da Faransancin shari'a, ya haɗa dosiye, ya tabbatar ya isa cikin kwana 3. Babban kamfanin da ofishinsa ke Yamai kuwa, yaron ofis zai aika kan babur. Wa'adi ɗaya aka ba su, amma ba tsere ɗaya suke yi ba. Duk wanda ya karanta hukunce-hukuncen kwamitin zai ci karo da kalmar irrecevable, wato ƙarar ba ta karɓuwa, don an makara ko don an tsallake kukan farko. A nan ake rufe magana ba a ko taɓa tambayar da ta dame mu ba: shin an yi adalci a rabon?

Na san amsar masu kare tsarin. Za su ce in aka tsawaita wa'adi, aiki zai tsaya, damina ta sauka, mota ta kasa kai siminti ƙauye. Gaskiya ne. Amma ai ba sai an ƙara wata guda ba. A buɗe wurin ajiye ƙara a Damagaram, ranar da takarda ta shiga nan a lissafa ta shiga. Me zai lalace?

Matsala ta biyu ita ce abin da ake faɗa a kansa. Dalilan ƙin tayi sau da yawa na takarda ne: shaidar biyan lampo ta ƙare, takardar jinginar banki ba ta bi samfurin da aka bayar ba, babu shaidar cewa mutum ya taɓa yin aiki irin wannan. Ba na cewa a ba wanda ba ya biyan lampo aikin gwamnati. Sai dai sharaɗi wuƙa ce, ya danganta da hannun da ke riƙe da ita. Ana iya ɗinka sharaɗi daidai jikin mutum ɗaya tun kafin a yi shela. Sannan ku duba wannan: sai ka taɓa yin aiki za a ba ka aiki. Abokanmu da suka karanta gini da lantarki, ta ina za su fara? Haka za su dawwama suna leburanci ƙarƙashin mai takarda, shi ya ci riba yana gari, su su sha rana a Bande ko Waca.

Ta uku ta fi ci mini rai. A wannan shari'a, mai ƙara ɗan kwangila ne, wanda ake ƙara ma'aikaci ne. Iyayen yaran da za su zauna ajin ba su da kujera. Hukuncin da Faransanci yake, a intanet yake, mutanen ƙauyen da aka yi faɗan a kansu ba za su taɓa jin sa ba. Mu kuwa mun san abin da jinkirin aji ke jawowa. A Afrilun 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a Yamai, yara kusan 20 suka rasu. A Nuwamban wannan shekarar haka ta faru a Maraɗi, yara fiye da 20. Allah ya jiƙan su. Duk kwangilar aji da ta maƙale ko aka ba wanda ba zai gama ba, wata shekara ce a ƙarƙashin zana.

Kuma kada mu ɗauka inda babu ƙara lafiya lau ne. Wani na yin shiru don tsoron kada a manta da shi a rabo na gaba. Wani wurin kuma babu ƙara don tun farko babu takara. Ku tuna binciken ma'aikatar tsaro na 2020, wanda ya yi maganar kusan miliyar 76 na sefa tsakanin ƙarin farashi da kayan da ba a kawo ba. Cinikin an yi shi ne a rufe da sunan sirrin tsaro, babu wanda ya tsaya gaban CRD yana kuka. A Fabrairun 2024 kuma aka fitar da doka mai cire sayayyar tsaro da wasu sayayyun daga ƙa'idar kwangila. A Afrilu aka rusa majalisun kwamin, don haka kansilan da za ka tare a kasuwar Dungas ka tambaya ma babu shi. Ƙofofin leƙe raguwa suke yi.

Abin da nake kira gare shi bai fi ƙarfinmu ba. Kowane aiki da aka raba, a manna a bangon meri: su wa suka nema, nawa kowa ya ce, wa aka ba, don me aka ƙi sauran. A karanta shi da Hausa a rediyon gari. Mu ɗalibai da Allah ya ba mu Faransanci, mu je zaman buɗe ambulan in an bar mu, mu nemo hukuncin da ya shafi gundumominmu, mu fassara shi, mu buga a irin wannan ɗan littafi.

Wanda ya rasa kwangila ba waliyyi ba ne, wataƙila gobe shi ne zai ci ya yi gum. Amma ranar da yake cikin fushi yana faɗin farashi da sunaye da sharuɗɗan da aka murɗe. Ranar nan, ƴan uwa, a matso kusa da biro da takarda.