Ku zaɓi yare ɗaya ku bar mana surutu

Wallahi na gaji da muhawarar da ake tafkawa a fadojin samari daga Magaria har Dungass: wai wane yaren kwamfuta ne ya fi? Wannan ya ce Python, wancan ya ce Java, wani can ya rantse cewa wanda bai iya C ba ɗan kallo ne. Shayi ya kai na uku, ba wanda ya rubuta ko layi guda.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne duk a bakin 'yan YouTube suka kwaso zancen, mutanen da ke zaune a Turai da kwamfuta biyu da wutar da ba ta ƙiftawa. Kai kuwa wayar Android ce gare ka, mai tsagaggen gilashi, da kake kai wa mai caji a bakin tasha. Shawararsu ba taka ba ce.

Python nake ba kowa shawara, kuma ba na jin kunya. Guido van Rossum ya fito da shi tun 1991, kuma yaren yana nan daram. Sauke manhajar Pydroid 3 a wayarka sau ɗaya, ka yi ta aiki ko babu data. Masu cewa Turanci ne matsala don mu Faransanci muka karanta, ku ji: keɓaɓɓun kalmomin Python 35 ne kacal. Abin da zai wahalar da kai allon rubutun wayarka ne, ka buga print ya gyara maka zuwa printemps, ko ka manta tazarar farkon layi, shirin ya ƙi tashi. Kashe gyaran nan tun yau.

To, na yarda, C na koya wa mutum cikin injin, kuma malaman da ke sa ɗalibai rubuta algoritim a takarda ba wasa suke ba. Idan ka samu shiga Jami'ar André Salifou a Damagaram, sai ka bi abin da aka koya maka.

Amma mai sauya yare kowane mako fa? Taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar. Rubuta ɗan shirin da zai mayar da naira sefa, ya raba da 5 ya faɗa maka dala nawa ce, ka kai wa ɗan canji ya gwada. In ya yi aiki, zo mu yi gardamar Java.